Yadda Na Ɗora Parabol a Kan Zauren Baba

Na san abin da aka gaya muku. An ce ubanku ya raba gidan kakanku biyu saboda kallon tele. Ƴar'uwarku Rabi ta jiyo haka a gidan suna, ta dawo ta yi kwana uku ba ta haɗa ido da ni ba. Kai kuwa Hamza, da bakinka ka faɗa mini, shekarar da ka tashi aure ka rasa ɗakin da za ka ajiye matarka. Ban tanka maka ba ran nan, don da na buɗe baki da abin ya ɓaci. Yanzu gwiwa ta hana ni hawa tsani, zama ya yi mini yawa, shi ne na ce bari in rubuta. Bokona na yaƙi da jahilci ne. In kun ga harafi ya karkace ku daidaita shi, amma maganar ku bar mini ita yadda na faɗe ta.

Gidan Baba ɗaya ne a da, tun daga bakin hanya har lungun baya. Da ya rasu aka raba gonaki, ƴan'uwanmu mata suka ɗauki rabonsu a can, gida kuwa aka bar mana mu biyu, ni da Yaya Alhaji, aka ce kada a taɓa shi muddin Inna tana raye. Yaya yana gaba: zaure, turakar Baba, ɗakin matarsa, da ɗakin Inna da ke manne da zauren. Ni ina baya, wajen rijiya da turken awaki, cikin ɗakuna uku da na gina da hannuna. Baba magini ne, shi ya tada zauren nan, ni na miƙa masa tubali. Yaya bai so laka ba tun yana ƙarami, kasuwa ya bi, Allah kuma ya buɗa masa. Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shekarar da hatsi ya ƙi, buhunsa muka ci har damina ta kewayo, bai taɓa yi mini gori ba. Amma ku ji wannan. Kowace bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, ni nake hawa zauren nan in kankare, in toshe tsaga, in yaɓe, in share indararo. Fiye da shekara ashirin ina yi. Yaya bai taɓa taka tsani ba. In baƙo ya zo ya gan ni da laka har gwiwa, sai Yaya ya ce, yaron gidanmu ne. Ina da furfura a gemu a lokacin, ina da ku bakwai.

A shekarar da nake ba ku labari Inna ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. An kai ta likita, an dawo da ita, aka ce sai haƙuri. Matar da ba a yin suna ko biki a unguwarmu ba ta je ba, ta koma kwance tana ƙirga azarar ɗaki. Yaya ya je Makka sau biyu, kowane zuwa yana cewa na gaba da ita za a je. Ba ta taɓa tuna masa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, Babba take ce masa, balle ta roƙe shi wani abu. Ni kuwa ina aikin wani gida a Kance. Wata rana na shiga zauren mai gidan don in sha ruwa, na ga tele a kunne, mutane fari fat suna zagaya Ka'aba. Na ce wa mai gidan, kaset ne? Ya ce a'a, yanzu-yanzu ake yi, parabol, wani faranti a kan rufi, ke jawo shi daga sama, akwai tashar da ba ta da wani aiki sai wannan. Na tsaya da moɗa a hannu har ya tambaye ni ko lafiya. Da aiki ya ƙare ya sauya nasa da sabo, ya ba ni tsohon farantin da ƴar na'urarsa. Na samo ƙaramar tele a kasuwa, na ɗaure farantin a saman mota, na kawo shi gida Matameye.

Ban fara da rashin kunya ba, ku riƙe wannan. Na sami Yaya a zaure bayan azahar, na durƙusa, na gaya masa.

"Tele kuma, Ilu? A gidan nan?"

"Don Inna ne, Yaya. Makka ake nunawa."

Ya ci gaba da jan carbi. Na ga maganar Makka ta taɓa shi, ko da yake ba da nufi na yi ba.

"To. Ka kafa abinka can baya, wajenka. Kada in hango shi daga hanya."

Na ce na gode, na tashi. Wallahi da ya kama a baya, da yau gidan nan ɗaya ne.

Na kira Lawali mai gyaran tele, tsarana ne, bakinsa ba ya hutawa. Ya zo da waya a kafaɗa da wani ɗan abu da ke ƙara in ya ji rezo, wato sigina. Ya ce farantin dole ya kalli gabas, ya ɗan karkata kudu, ya ɗaga kai sama, kuma kada komai ya tsaya tsakaninsa da sararin Allah. Muka ajiye tele a ɗakin Inna, uwarku Zulai ta zauna gabanta don ta riƙa gaya mana. Muka fara da rufin ɗakina. Shiru. Lawali ya ɗaga kai ya dubi tsamiyar maƙwabcinmu, wadda ta rufe rabin gidanmu na baya.

"Ga maƙiyinka nan. A sare reshe biyu, an gama."

"Tsamiyar nan? Je ka gaya wa tsohuwar gidan. Tun ban san kaina ba ake cewa da masu ita a ciki."

"To masu itan ne suka shanye maka rezo. Ƙila su ma kallo suke."

Muka gwada wajen turken awaki, babu. Muka gwada katangar banɗaki, ni riƙe da faranti kamar mai tallan goro, shi yana murɗawa kaɗan-kaɗan. Uwarku ta ƙwala kira daga ciki, "Ya zo! A'a, ya tafi! Ya zo... ruwa-ruwa ne, Malam, kamar ana zuba gero!" Tsakar gida ya ɗan kama, daidai inda ake daka da shanya. Lawali ya girgiza kai, ya ce nan in akuya ta goga masa jiki sau ɗaya, tsohuwa ta bar Makka ta koma kallon ƙwallo. Rana ta take, gumi ya jiƙa mu. Sai na ga ya juya yana kallon zaure. Ban so ya kalla ba, don na riga shi sani. Magini ya san inda sama take a buɗe a gidansa.

Na ce gwaji kawai za mu yi. Na aiki uwarku maƙwabta ta ce mata su shiga ɗaki za a hau sama, kamar yadda nake yi duk shekara, don wanda ke kan zaurenmu yana ganin tsakar gida huɗu. Muka hau. Lawali ya dafa farantin a kusurwar kudu maso gabas, bai gama juya shi ba abin nan nasa ya ɗauki ƙara kamar an taka ɗan tsako. Muryar uwarku ta taso daga ƙasa.

"Ga shi! Ga shi nan tar! Kada ku motsa!"

Bayan muryarta na ji wata, mai nauyi, wadda rabin baki ke fitarwa. Inna ce ke kabbara. Na riƙe farantin nan da hannu biyu har kafaɗuna suka fara rawa, Lawali na cewa sake mana, mun gani ai. Da ƙyar na saki. Ta gani kamar tsawon shan fura, sannan muka sauko da shi, don ba a ba ni izinin wurin ba.

Bayan la'asar na koma wa Yaya. Kuskurena ɗaya, ban jira abokansa biyu na kasuwa sun tashi ba. Na ce mun gwada ko'ina, kan zaure kaɗai ya kama.

"Kan zaure? Tasa za ka kifa wa zauren Baba a ka, ga masallaci yana kallo?"

"Ba kifawa zan yi ba, Yaya. Kusurwa ɗaya ce."

"Duk iskar da ta kaɗa sai an hau an gyara. Kullum ƙato a sama yana leƙen gidajen mutane."

"Ni ne ƙaton. Shekara ashirin ina hawa, wa ya taɓa kawo maka ƙarata?"

Ya ajiye carbin. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa.

"Ilu, naka ka hau ka yaɓe ka sauko. Abin da zai zauna a kai, mai gida ke faɗa."

Ɗaya daga cikin abokan ya yi dariya ya ce, "Alhaji, yaron naka ya fara girma fa." Suka yi dariya su biyu. Yaya bai yi ba, amma bai hana su ba.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Daga wannan zaman, maganar ta tashi daga kan Inna. Na fita ina tambayar kaina, ni mene ne a gidan nan? Uba ɗaya ya haife mu, ciki ɗaya muka fito, liman ya faɗa a gaban jama'a cewa gida namu ne mu biyu. To ina rabin nawa yake, in ko ƙusa ba zan iya kafawa ba sai a inda aka ɓoye ni? Na yi shekaru ina ɗauka haƙuri nake yi. Ran nan na gane ba haƙuri ba ne, ban dai taɓa neman komai ba, shi ya sa ba a taɓa hana ni ba.

Bayan kwana biyu Yaya ya tafi Kano sayen kaya, tafiyar kwana biyar. Motarsa ba ta wuce bakin iyaka a Ɗan Barto ba na kafa tsani. Kada wani ya ce muku na ɓata ginin Baba. Ban huda rufi ba. Rufin ƙasa in ka soka masa ƙarfe, ruwan farko zai bi ƙarfen ya sauka kan azara, shekara biyu ta ruɓe. Kan katanga na buɗe, a kusurwa, inda kaurinta ya kai kamu biyu. Na nutsa bututun ƙarfe har tsawon hannu, na naɗe gindinsa da tsumma mai kwalta, na cika da tsakuwa da sima, wato siminti, sannan na tada ƙasa kewaye da shi na fitar da shi kamar zanko, na shafe da makuba. Zankwaye huɗu Baba ya yi wa zauren. Na yi na biyar, gajere, mai ƙarfe a ciki. Masu wucewa suna ɗaga kai suna cewa, Ilu, yaɓe tun yanzu? Ina cewa i, yaɓe ne. Uwarku ta tare ni a gindin tsani.

"Malam, ka jira ya dawo mana. Kwana nawa ne?"

"In ya dawo me zai sake?"

"Ko ba komai ka fita haƙƙinsa."

"Shi ya fita nawa?"

Ta ɗauki tulunta ta wuce. Da rana ta yi sanyi Inna ta aiko kirana. Na shiga na zauna a bakin gadonta. Magana tana yi mata wuya, sai ka sunkuya.

"Babba ya yarda?"

"Zai yarda, Inna."

"Kada ka jingina abin nan da ni. Na gani sau ɗaya, ya ishe ni."

"Don ke na kawo shi."

"Don ni ka kawo. Ba don ni kake bugun nan ba. Na san bugun ubanka in ransa a ɓace yake, naka irinsa ne."

Ta juya fuska bango. Amma ba ta ce in fasa ba, kuma na lura da haka.

Rana ta bazara ba ta wasa, kwana uku ginin ya bushe ƙam. Lawali ya dawo ya ɗaura farantin, ya ja waya ta bayan indararo ta shiga ɗakin Inna ta taga. Yana ɗaure kusoshi yana cewa, ni dai in Alhaji ya tambaya ban san ka ba. Kafin la'asar ɗakin ya cika da tsofaffin unguwa, wata na kuka, wata na nuna inda ta ce ta tsaya shekarar da ta je, wata na musa mata. Inna an jingina ta da matashi biyu, idonta bai bar gilashin ba. Ta ce gani ɗaya ya ishe ta, amma har ta bar duniya in kuran, wato lantarki, ya ɗauke sai ta tambaya yaushe zai dawo.

Ranar da Yaya ya dawo, ya hango farantin tun daga kwanar hanya. Bai shiga gida ba. Ya tsaya a bakin hanya da ƙurar tafiya a jikinsa, ya aika a kira ni. Mutane na fitowa daga sallar la'asar, suka rage tafiya.

"Hau ka sauke."

"Ba zan sauke ba, Yaya."

Tun da aka haife ni ban taɓa ce masa a'a ba. Ya dube ni kamar bai gane ni ba.

"Me ka ce?"

"Na ce ba zan sauke ba. Zauren ubana ne kamar yadda yake na ubanka."

"To, tunda ka zama mai gida, sai a raba. Kowa ya san nasa."

"A raba."

An yi ta shiga tsakani har sati uku. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, Kawu Sale ƙanen Inna ya taso daga ƙauye, ƴan'uwanmu mata suka zo suka yi kuka suka koma. Duk wanda ya zo maganarsa ɗaya ce: Ilu, sauke tukuna, ka ba yayanka haƙuri, sannan a duba. Na ce a duba tukuna. Ba wanda ya taɓa ce wa Yaya ya janye kalmar da ya faɗa mini gaban abokansa, ko mutum ɗaya. Da aka je wa Inna da zancen alkawarin da aka yi na barin gida har bayan ranta, sai ta ce a raba tana gani, ya fi a raba ba ta nan da mai tsawatarwa.

Kun san yadda ake yi in ƴan'uwa biyu za su raba abu ba a je gaban alƙali ba. Babba ke shimfiɗa igiya, ƙarami ya zaɓa. An yi haka ne don mai rabawa ya ji tsoron zalunci, tunda bai san ɓangaren da zai faɗo masa ba. Da hantsi aka taru, liman da mai unguwa da Kawu Sale da dattawa uku. Mata suna cikin ɗakuna, amma kowane labule yana motsi. Yaya ya karɓi igiya, ya auna da ƙafa, ya shimfiɗa ta kusa-kusa da bayan turakar Baba. Gaba ta zama ƴar mitsitsiya: zaure, ɗakuna uku tsofaffi har da na Inna, da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Baya ta kwashe sauran duka, da rijiya, da fili, da turke, da ɗakunana. Liman ya duba ya ce, Alhaji, rabon nan ya karkata.

"Na sani, Malam. Gaba tana bakin hanya, ta fi daraja, dole ta ragu. Kuma Ilu mai iyali ne, gara ya samu yalwa."

Dattawa suka ce madalla, Allah ya saka da alheri, haka ake son babba. Kuma kada ku ce makirci ne zalla, da gaske ya bar mini yalwa. Abin da ya manta ɗaya ne. Ya shimfiɗa igiyar kamar mai ba da kyauta, ba kamar mai jiran zaɓi ba. A ransa an gama, shi gaba ni baya, da yamma a hau a sauke faranti daga kan zaurensa. Bai taɓa kawowa zan iya zaɓen wani abu ban da wanda ya miƙo mini ba. Liman ya tambaye shi sau biyu ko ya yarda da inda igiya take, ya ce ya yarda, aka shaida. Sannan liman ya juyo gare ni.

"Ilu, zaɓi."

Na dubi ɗakunan nan uku. Kowane tubali na san ranar da na buga shi. Na dubi rijiya. Na ga ƙafar uwarku a ƙarƙashin labule, na san abin da take roƙo. Na san ku bakwai ne. Duk na sani, kada wani ya ce muku fushi ya rufe mini ido.

"Na ɗauki gaba."

Kawu Sale ne ya fara magana.

"Kai Ilu, ka ji abin da bakinka ya faɗa? Ina za ka zuba yara?"

"Na ji, Kawu."

Yaya ya ce, "Malam, ai ba haka ake nufi ba."

Liman ya sunkuyar da kai, ya ce, "Alhaji, kai ka shimfiɗa, kuma an shaida."

Sai Yaya ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Turakar Baba nake ciki, Ilu."

"Na sani, Yaya. Ni nake yaɓe ta."

Ga abin da ya biyo baya, ba zan rage ko ɗaya ba. Katangar da ta raba mu ni na gina ta, don ba maginin da ya yarda ya sa hannu tsakanin wa da ƙane. Kwana tara ina ɗora tubali, ina jin motsin kwashe kaya ta ɓangare biyu. Yaya ya fasa ƙofa ta lungu. Mu tara muka dawo ɗaki biyu. Maza kuka koma kwana a zaure, mata a ƙasan gadon Inna. Awaki na kai su ƙauye wajen Kawu, ba su dawo ba. Uwarku ta yi wata guda in ta ajiye mini tuwo ba ta cewa ga shi. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Ka ba da rijiya ka karɓi faranti, to ka sha shi." Daga nan ita da Rabi suka fara ɗaukar ruwa daga famfon bakin kasuwa, rijiyar da na yi wa baki da hannuna tana bayan katanga, muna jin ƙarar guga. Ciwon bayan da take fama da shi yau a nan ta samo shi. Ita kaɗai ce a duniyar nan nake ganin tana da ikon zagina a kan maganar nan, kuma ta yi, na kuma saurara. Yaya ya rushe ɗakunana ya yi ginin sima mai rufin kwano. Bayan shekara biyu na ɗaga kai na ga parabol a samansa, a kan doguwar sanda da ta wuce tsamiya. Lawali ne ya kafa, shi ya zo ya gaya mini yana dariya har da hawaye.

Shekara uku ba mu yi magana ba, sai dai musabaha a masallaci ranar salla, hannu ya taɓa hannu kowa ya kau da kai. Bai yar da uwarsa ba, kada ku ce haka. Yakan jira in fita aiki, sannan ya kewayo ya shiga ya gaishe ta ya fita. Uwarku ke gaya mini. In ba ni da aiki na yini a gida, ran nan Inna ba ta ganin ɗanta na fari. Takan kasa kunne in ta ji takalmi a waje, in ba shi ba ne ta mai da ido kan tele. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Wani lokaci nakan ɗauki cebur in fita ba aikin komai, in je tasha in zauna har azahar, don ya samu ya shiga. Wannan ne ya fi ci mini rai a cikin duka, ya fi rijiya. Rabin laifin nawa ne. Rabin laifi na ce, ba duka ba.

Da damina ta huɗu Inna ta cika, da safe, bayan an ba ta koko ta kurɓa biyu. Na aiki uwarku ta kewaya ta lungu ta faɗa wa Yaya. Na share zaure, na shimfiɗa tabarmi, na zauna. Zaman makokin matar Baba ba inda za a yi shi sai zauren Baba, kowa ya san haka, shi ma ya sani. Ban daɗe ba na ga inuwa ta tare ƙofa. Yaya ne, ba hula, rigar a karkace. Mai gida yana sallama yana tafiya, ba ya jiran kowa. Haka ya yi ta shiga ƙofar nan tun ranar da Baba ya tada zauren. Ran nan ya zo bakin dokin ƙofa ya tsaya.

"Salamu alaikum."

Na ji shi sarai. Ban amsa ba. Mutane sun fara taruwa a bayansa.

"Salamu alaikum."

Liman yana gefe, ya dube ni. Na san in Yaya ya yi ta uku ba a amsa ba juyawa zai yi, kuma zaman Inna zai rabu gida biyu, mu kuma shi ke nan har kabari. Na ga ya dafa jikin ƙofa. Ya tsufa, ban lura ba sai ran nan. Ta ukun da ƙyar ta fito.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Yaya."

Ya tuɓe takalmi ya shigo ya zauna. Ana jin kukan mata daga ciki. Can ya share fuska da hannun riga, ya juyo.

"Ilu, ƙarfe nawa ka sa a fita da ita?"

"Bayan azahar, in ƴan ƙauye sun iso."

"To. Yadda ka ce."

Har yau akwai masu cewa mugunta ce, uwa tana kwance ba a rufe ba na bar yayana a tsaye ya kai uku. Su faɗa. Ku ma in kun ga dama ku faɗa bayan raina. Ni shekara arba'in da wani abu na yi ina jira ya tsaya ya saurari amsata. Shi numfashi uku ya jira.